Muhawara: Shin Ostireliya ce ta kashe murjaninta?

Malam: Na gaji da ƙasashen da ke yi wa duniya wa'azin kare muhalli alhali da hannunsu a ɓarnar. Ostireliya na cikin manyan masu sayar da kwal a duniya, wanda ƙona shi ke ɗumama yanayi, ga kuma Great Barrier Reef, shimfiɗar murjani mai tsawon kimanin kilomita 2,300 a tekun da ke gaɓar jiharsu ta Queensland, wadda ɗumamar ruwa ta mayar da sassanta fari fat a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Su suka kashe ta.

Ɗalibi: Allah ya gafarta Malam, "kashe" ta yi nauyi. Murjani ƙaramar dabba ce da wata irin gansakuka ke zaune a jikinta tana ba ta abinci da launi. Idan zafi ya yi yawa sai dabbar ta kori gansakukar, ta koɗe, amma idan ruwan ya huce da wuri tana iya farfaɗowa.

Alhaji: Dabba kuma? Tun muna yara mun san murjani dutsen ado ne da mata ke ratayawa, ban taɓa ganin wanda ya motsa ba.

Hajiya: Alhaji, jan murjanin da muke sawa wani nau'i ne daban, wanda aka fi samu a Bahar Rum, kuma ƙashin dabbar ne ake gogewa. Sai dai akwai na roba a kasuwa yanzu.

Alhaji: Hajiya, wanda nake sayarwa ba roba ba ne, kuma ban yarda a ɓata mana sana'a a bainar jama'a ba.

Malam: A dawo kan magana. Murjanin da ya koɗe sau biyar cikin shekara tara, yaushe ya samu sararin farfaɗowa? Da yawa ya mutu a arewacin yankin a 2016. Yaron nan yana kare su ne domin yana neman gurbin karatu a can.

Ɗalibi: Ban nemi komai ba, Malam. Ni ma na san takin gonakin rake da ke gangarawa teku yana cutar da murjanin, kuma a 2021 gwamnatinsu ta yi ta kamun ƙafa har aka fasa saka wurin cikin jerin UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na wuraren gadon duniya da ke cikin haɗari. Abin da na ƙi shi ne a kira mara lafiya gawa.

Shugaban zaure: A taƙaice, Malam ya kawo shekaru da hujja, kuma shi kansa ɗalibin ya amsa laifin gwamnatin da bakinsa, saura gardamar ƙuruciya ce kawai. Batun roba kuwa, Alhaji da Hajiya su ƙarasa shi a keɓe.