Wace doka ce ta hana mutum zuwa Makka da ƙafa?

Sagir: Salamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake. Ranar Asabar bayan asuba na zuba garin kwaki da ƙuli a jaka, na rataya gorar ruwa, na kama hanya daga Katsina zuwa Maraɗi da ƙafa. Gwaji nake yi, don in Allah ya kai mu baɗi Makka nake son takawa kamar yadda kakana ya yi. Kwana biyu ina tafiya, takalmin roba har ya saɓule mini diddige. Ina isa wani shinge dab da iyaka aka tsayar da ni, wai ina takardata, wai me ya hana ni hawa mota. Motoci na wucewa maƙil da mutane, ni aka zaunar a benci har la'asar, aka zazzage jakata a ƙasa, garin duk ya haɗu da yashi, sannan aka ce in juya. Ina nan a kan bakana: babu dokar da ta hana mutum ƙetare iyaka da ƙafa. Kakana ya je Makka ya dawo, ba fasfo ba biza.

Barista Nura: Sannu ƙanena, Allah ya ba da haƙuri. Ƙafa kam ba a hana ba. Doka ba ta tambayar da me ka zo, takarda take tambaya da ƙofar da ka biyo. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashenta damar shiga wata ƙasar ba biza har kwana 90, amma da takardar tafiya da katin rigakafi, kuma ta ƙofar da hukuma ta sani. Me ka nuna musu?

Sagir: Katin zaɓe.

Barista Nura: To ka ji inda gizo ke saƙar. Kuma hanyar Makka ta gabas ce, Cadi da Sudan ba 'yan ECOWAS ba ne, ga yaƙi a Sudan tun Afrilun 2023. Ko ka taka har Suwakin, garin bakin teku a Sudan, Bahar Maliya na gabanka, sai jirgin ruwa. Bizar Hajji kuma ba a bakin iyaka ake ba da ita ba.

Abban Khalifa: Ba fasfo ba biza? Ai a taƙaice takari kakan naka ya yi, kai ma takarin kake shiri.

Sagir: Wa kake kira takari? Ka iya bakinka wallahi.

Hajiya Binta: Haba Abban Khalifa, wannan kalma ba ta dace ba. Bawan Allah ya yi shekaru a hanya, yana noma a gonakin mutane don ya sami guzurin gaba, ka haɗa shi da masu ɓuya a lungunan Jidda? Kakata ta ba mu labarin ayarinsu, bakwai suka tashi, huɗu suka dawo, ƙanwarta a hanyar Abeshe ta ƙasar Cadi aka binne ta. Ka nemi afuwa.

Abban Khalifa: Hajiya ki yi haƙuri, amma ban zagi kowa ba. Wanda ya shiga Saudiyya ba takarda me sunansa a Hausa? Ku faɗa mini wata kalmar in akwai.

Malam Habu: Asalin kalmar ba zagi ba ne. Daga Takrur ta fito, tsohuwar daula a bakin kogin Sanagal. Larabawa suka riƙa kiran mutanen Afirka ta Yamma Takruri, jam'i Takarir. Mu ne daga baya muka maƙala ta ga marasa iƙama.

Hajiya Binta: Malam, asali daban, abin da ake nufi yau daban. Je ka kira wata Hajiya takari a gidan biki ka ga abin da zai biyo baya.

Malam Habu: Ni tarihi na kawo. Kuma in don rashin fasfo ne, mutanen da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira zuwa gabas a 1903 ma ba su da shi. Bayan an kashe shi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har Sudan, garin Mai Wurno na nan yau a bakin kogin Nilu. Su ma za ka ce musu haka?

Abban Khalifa: Kada ka sa mini magana a baki Malam. Ban ambaci Sarkin Musulmi ba.

Sagir: Amma ka ambaci kakana.

Issoufou Maraɗi: Ni dai abin da ya tsaya mini a rai, Barista yana ta ECOWAS ECOWAS. Mu mun fita tun 29 ga Janairun 2025, mu AES muke yanzu, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso. Ku da kuka rufe mana iyaka kuka yanke mana wuta a 2023 ku ne za ku koya mana 'yancin zirga-zirga? Lokacin nan mata da ƙafa suke bin gonaki su ƙetara, da yara a goye, don sayen magani kawai.

Barista Nura: Ɗan'uwa, an buɗe iyakar tun Maris 2024. Kuma ranar da kuka fita ECOWAS ta ce a ci gaba da barin 'yan Nijar da Mali da Burkina Faso su shiga ba biza har sai ta sake sanarwa.

Issoufou Maraɗi: Wannan a takarda ne. Zo ka tsaya bakin iyaka yini guda ka gani da idonka.

Abban Khalifa: Sojojinku ne suka jawo muku. Wa ya zaɓe su?

Issoufou Maraɗi: Ku da kuka yi zaɓen, a 2019 wa ya rufe iyaka har fiye da shekara? Sojoji ne? Kuma Bakatsine ba baƙo ba ne a Maraɗi, Sarkin Katsinan ma a wurinmu yake tun bayan jihadi.

Sagir: A'a fa Issoufou, a nan kuma mun raba gari. Sarkin Katsina na Katsina.

Maman Ilham: Don Allah ku tsaya. Ba wanda ya tambayi yaron nan yadda ya bi hanyar Jibiya shi kaɗai da ƙafa a wannan zamani na 'yan bindiga. Sagir, mahaifiyarka ta san ka tafi?

Barista Nura: Bari in dawo da mu kan magana. Ana yin irin wannan tafiya har yanzu. Shihab Chottur, wani ɗan Indiya, ya tashi daga Kerala a Yunin 2022 ya isa Makka a 2023, kilomita 8,640. Amma sai da ya zauna kusan wata huɗu a iyakar Wagah yana jiran bizar Pakistan. Takardar ta fi ƙafar ba shi wahala.

Hajiya Binta: Shi ma takari ne ko, Abban Khalifa?

Abban Khalifa: Shi ai da bizarsa! Maganata ke nan tun ɗazu, ku ne ba ku son ji.

Sagir: Har yanzu ba ka janye ba. Ko ka janye ko ni in bar zauren nan.

Malam Tukur (shugaban zaure): Ya isa haka. Na karanta komai daga farko, ga abin da aka tsayar. Sagir ne da gaskiya, Barista da bakinsa ya ce ba a hana ƙafa ba, sauran bayaninsa ƙananan sharuɗɗa ne da za a iya cikawa. Magabatanmu da suka taka zuwa Makka alhazai ne cikakku, nawa kakan ma yana cikinsu, kuma daga yau na hana amfani da waccan kalma a nan. Abban Khalifa ya kawo ban haƙuri kafin sallar isha'i, in ba haka ba zan cire shi. Issoufou, kai ka shigo da siyasa, wannan gargaɗi ne na farko. Maganar sarauta kuma ba ta da wani ja, Sarkin Katsina na Katsina. Sagir, ka je ka yi fasfo, ka sayi takalmin kirki, ka same ni a shago gobe da hantsi mu duba hanyar Maiduguri zuwa Gamborun Ngala. Na rufe zaure sai bayan asuba.