Me ya sa duk sabon halin da na ɗauka ba ya kai wata guda?

Mai_Neman_Mafita ya rubuta:

Salam 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana cin raina, kuma don Allah kada wanda ya ce mini "ka dai yarda da kanka", don na ji wannan har na gaji.

Ni ma'aikacin ofis ne a sashen lissafin kuɗi. Akwai jarrabawar ƙwarewa da nake so in rubuta, wadda in na haye za ta buɗe mini ƙofar ƙarin girma. Littattafan suna kan teburin ɗakina tun bara. Na farkon ne kawai ya ga biro, shi ma babukan gaba-gaba. Sauran ko ledarsu ban cire ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Sai in kalli bidiyon masu zaburar da mutane a waya, in ji wani ƙarfi ya zo mini, in ɗauko takarda in tsara jadawali: tashi ƙarfe huɗu da rabi, motsa jiki, karatun awa biyu, babu taɓa waya sai na isa ofis, da dare kuma in rubuta abin da na yi a yinin. Har tsayawa nake gaban madubi ina ce wa kaina "kai gwarzo ne, za ka iya". In kuma sa a status na WhatsApp cewa sabuwar rayuwa ta fara. Makon farko lafiya lau. Na biyu a fara jan ƙafa. Ranar da na makara sau ɗaya kuwa shi ke nan, sai zuciyata ta ce ai an riga an ɓata, a bari sai wata mai kamawa.

To rashin yarda da kai ne ke kayar da ni, ko haka Allah ya yi ni? Sannan maganar da ake yi cewa kwana 21 ke kafa hali, gaskiya ce? Domin in gaskiya ce, ni ko can ɗin ba na kaiwa.

Tsohon_Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara da kwana 21 ɗin nan, don shi ne ya fi cutar da mutane irinka.

Asalin maganar daga wani likitan tiyatar gyaran fuska ne a Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Ka lura, aƙalla ya ce, kuma kan sabawa da fuska yake magana, ba tashin asuba ko karatu ba. Masu yaɗa maganar suka jefar da "aƙalla" suka riƙe lambar. Da aka zo aka gwada abin da gaske, Phillippa Lally da abokan aikinta a University College London suka bi mutum 96 tsawon mako 12, kowa ya zaɓi sabon abu ɗaya da zai riƙa yi kullum. Sakamakon ya fito a 2009. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya zama jiki shi ne kwana 66, amma tsakanin mutum da mutum ya kama daga kwana 18 har zuwa 254, bisa ƙiyasin da suka yi. Abu mai sauƙi kamar shan ruwa ya fi saurin kamawa, motsa jiki ya fi jan lokaci.

Abin da ya fi shafarka a binciken shi ne wannan: tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Wanda ya fashe yau ya koma gobe, tafiyarsa ta ci gaba. Ke nan makarar da kake yi ba ita ke kashe shirinka ba, hukuncin da kake yanke wa kanka bayan makarar ne, wannan "a bari sai wata mai kamawa".

Sannan ka sake duba jadawalinka. Mutanen Lally abu ɗaya tak aka ce su ɗauka. Kai ka ɗauki biyar rana ɗaya, kuma kowannensu da nauyinsa. Na yi shekaru ina koyarwa, kuma ɗalibin da ya zo mini da jadawali mai kala-kala da ya cika kowace awa ta yini, nakan san a raina ba zai kai ƙarshen zango ba. Wanda ya ce "Malam, kullum bayan an tashi zan yi lissafi biyar kafin in tafi", shi nake sa wa ido.

Ga abin da zan ba ka shawara. Ka jingine komai sai karatun, tunda shi ne buƙatarka. Ka rage shi zuwa minti 20. Kada ka ce "zan riƙa karatu", ka ɗaura shi a jikin wani abu da ka riga ka saba yi, da wuri, da lokaci: "In na dawo daga aiki na cire takalmi, zan zauna a teburin nan in buɗe littafin." Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Jamus, Peter Gollwitzer, ya daɗe yana nazarin irin wannan ƙuduri na "in kaza ta faru, zan yi kaza", kuma an gwada shi sau da dama an ga ya fi niyya tsurarta kai mutum ga aiki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ka riga ka yanke shawarar tun jiya, ba sai ka tsaya kana gardama da kanka lokacin da gajiya ta fi ƙarfinka ba. Kuma ka cire ledar littattafan nan yau, ka bar wanda kake kai a buɗe, biro a tsakiya.

Babu_Wasa ya amsa:

Ni dai gaskiya ɗaya zan faɗa, lalaci ne. Da a ce an ce ranar da ka makara za a yanke albashinka, da ka tashi. Duk wannan dogon Turancin na bincike ba shi zai buɗe maka littafi ba.

Nas_Mai_Aikin_Dare ta amsa:

@Babu_Wasa, malalaci ba ya tashi ƙarfe huɗu da rabi ko da na rana ɗaya ne. A bar wannan.

Ɗan'uwa, ni tambaya zan yi maka: ƙarfe huɗu da rabin nan na wane ne? Naka ne ko na mai bidiyo? Ƙarfe nawa kake kwanciya? Likitocin barci sun yi ittifaƙi cewa baligi na buƙatar aƙalla awa 7. Wanda zai tashi huɗu da rabi, sai ya kasance ya yi barci tun tara da rabi. In kai sai sha ɗaya ko sha biyu kake rufe ido, to abin da kake kira jan ƙafa a mako na biyu bashin barci ne ya taru, jiki kuma ba ya yafe wannan bashin. Mai bidiyon bai gaya maka lokacin da yake kwanciya ba, bai gaya maka ko yana da mai aiki a gida ba, ko yana da ofishin da zai sa hannu ƙarfe takwas.

Ni aikin dare nake yi mafi yawan lokaci. Lokacin da nake shirin wata jarrabawa ta aikinmu, duk shawarar da na ci karo da ita ta masu tashin sassafe ce, ni kuwa sassafe lokacin da nake miƙa rahoton marasa lafiya ke nan idona na rufewa. Inda na samu sarari shi ne wani ɗan tsakani da dare ya raba, bayan an gama zagayen ba da magani, kafin a fara auna zafin jiki da hawan jini na gaba. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar na'ura. Na yayyanka tambayoyi a ƙananan katuna na zuba a aljihun rigar aiki, in zaro ɗaya in amsa a raina in juya bayansa in duba. Wani daren katuna da yawa, wani daren ko ɗaya, in an kawo mara lafiya na gaggawa. Ba abin da za a sa a status ba ne, amma ya dace da rayuwar da nake ciki. Kayan aro ba ya rufe katara.

Af, maganar status ma. Wannan Gollwitzer da Malam ya ambata, shi da abokan aikinsa sun fitar da wani bincike a 2009 kan ɗalibai, ciki har da masu karatun lauya. Waɗanda wani ya san da niyyarsu ta dagewa kan karatu sun yi karatu ƙasa da waɗanda niyyarsu ba wanda ya lura da ita. Bayanin da suka bayar shi ne, in mutane suka ga niyyarka, kana fara jin kamar ka riga ka zama abin da kake nema. Ana turo maka "Allah ya taimaka, gwarzo", ka sha daɗin yabon tun kafin ka buɗe shafi. In dole sai ka faɗa wa wani, ka zaɓi mutum ɗaya da zai iya tambayarka ranar Juma'a babi nawa ka gama, ba tare da jin nauyinka ba.

Tambaya ta ƙarshe, kuma ba sai ka amsa a nan ba: jarrabawar nan kai kake so, ko don abokan aikinka sun rubuta?

Ɗalibar_Saikoloji ta amsa:

Yaya, ni kan madubin nan zan yi magana, tunda shi ne ainihin tambayarka.

A 2009 Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo da ke Kanada sun sa mutane su riƙa maimaita wa kansu cewa su mutane ne abin so. Masu ganin ƙimar kansu tun asali sun ɗan ji daɗi. Waɗanda kuwa dama suke raina kansu, sai yanayinsu ya ƙara lalacewa. Kana cewa "kai gwarzo ne", wata murya a ciki tana nuna maka littattafan da ke cikin leda. Muryar ce ke cin nasara, don ita ke da shaida a hannu.

Albert Bandura na Jami'ar Stanford, wanda ya fito da nazarin yarda da iyawar kai a 1977, ya lissafa inda wannan yardar ke fitowa: abin da ka taɓa yi da kanka ka ga ya yiwu, ganin wani irinka ya yi, ƙarfafawar baki, da yanayin jikinka a lokacin. Na farkon ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya yi aiki da masu matsanancin tsoron maciji, kuma bai zaunar da su yana yi musu huɗuba kan jarumta ba. Mataki-mataki aka bi da su: su kalli macijin daga nesa, su matso kusa da kejin, su taɓa da safar hannu, har su riƙe shi da hannunsu. Kowane mataki shi ya ba su ƙwarin yin na gaba.

Don haka ni a ganina ka juya lissafin. Kana jiran yarda da kai ta zo ta sa ka karatu, alhali karatun ne zai haifar da ita. Minti 20 na Malam ƙanana ne a ido, amma duk ranar da ka yi su ka ajiye shaida guda a gaban waccan muryar. Ka sami kalanda ka riƙa sa alama a ranakun da ka zauna, don ido ya gani.

Mai_Neman_Mafita ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Nas, kin kama ni: sha biyu saura nake kwanciya. Jarrabawar kuma ni nake so, aikin lissafi yana burge ni tun ina makaranta. Motsa jikin asuba da rubutun dare ne na ga kamar ba nawa ba ne, a bidiyo na tsince su.

Malam, matsala ɗaya da shawararka. In na dawo daga aiki, kafin in cire takalmi ma waya tana hannuna, kuma in na zauna da ita sai dai in ga dare ya yi. Sannan minti 20 a rana, anya zan gama manhajar kafin lokacin jarrabawa?

Tsohon_Malami ya amsa:

To ka sa wayar a cikin ƙudurin. "In na shigo na cire takalmi, zan sa waya a caji a wani ɗaki, sannan in zauna." Ka mayar da cajar can tun yau, kada ka bari sai ka dawo a gajiye. Wayar da sai ka miƙe ka taka kafin ka ɗauko ba ɗaya take da wadda ke gefen littafi ba, ko a kife take.

Batun manhaja kuwa, a'a, minti 20 ba za su gama ta ba, ban kuma ce za su gama ba. Aikinsu a wata biyun farko shi ne su mayar da zaman teburin abin da ba ka tsayawa shawara a kansa. Minti 20 ɗin ƙasa ce, ba rufi ba: ranar da karatun ya yi daɗi ka zarce, ranar da ka dawo a jigace ka yi ashirin ɗinka ka tashi. In zaman ya kafu sai ka ƙara, ka kuma ware safiyar ranar da ba aiki don tsofaffin tambayoyin jarrabawar, da agogo a gabanka. Ka duba ranar rufe rajista, ka ƙirga babukan, ka raba su da makonnin da suka rage. In lissafin bai fita ba, ka ɗaga zuwa zagayen jarrabawar na gaba tun yanzu da saninka. Kai ma'aikacin lissafi ne, wannan ba zai gagare ka ba.

Nas_Mai_Aikin_Dare ta ƙara da cewa:

Malam, a nan kaɗai na ɗan saɓa maka. Wasu in sun dawo daga aiki kansu ya riga ya toshe, ko minti biyar ba za su fahimci komai ba. Ɗan'uwa, ka gwada na yamman mako biyu. In ka ga kana karanta layi ɗaya sau uku, ka mayar da shi safe, amma ƙarfe shida, bayan ka samu barcinka cikakke. Wayar kuma ta kwana a wancan ɗakin, ka sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa.