Na karɓi jagorancin gidauniyar tallafa wa masu cutar daji: ta ina zan fara?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ƙungiyarmu ta ci gaban al'umma ta yanke shawarar kafa gidauniya domin tallafa wa masu fama da cutar daji, kuma da aka nemi wanda zai jagoranci aikin a matsayin sa-kai, sai na miƙa kaina, saboda na yi jinyar yayata, na ga yadda wannan cuta take cinye dukiyar gida tun ba a kai rabin magani ba. Muna so mu yi taron neman taimakon ranar 4 ga Fabrairu, wato Ranar Cutar Daji ta Duniya. Ban taɓa riƙe irin wannan amana ba, kuma tuni kan 'yan kwamiti ya rabu: wasu suna ganin a raba kuɗin ga marasa lafiya kai tsaye, wasu kuma sun fi son a miƙa shi ga wata ƙungiya mai rajista. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin wannan aiki su nuna mini abin da ya kamata in sa a gaba.

Tsohon Ma'aji ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ki ikon sauke wannan nauyi. Shawarata ta farko ita ce kada ki karɓi gudummawar kowa, komai ƙanƙantarta, sai kwamiti ya zauna ya rubuta a takarda abin da za a yi da kuɗin, kowa ya sa hannu. Saɓanin da kika ambata ba ƙaramin abu ba ne. Idan ba a warware shi yanzu da asusu yake fanko ba, to ranar da kuɗi ya taru ba za a iya warware shi cikin lumana ba, domin a lokacin kowane ɗan kwamiti yana da mara lafiyar da ya sani, wanda yake ganin ya fi kowa cancanta.

Takardar ta fayyace wane ne ya cancanci tallafi, wace shaida zai kawo daga asibiti, mene ne iyakar abin da za a ba mutum ɗaya, sannan me za a yi da ragowar kuɗi idan wanda aka tara dominsa ya rasu kafin a kashe shi. Wannan batu na ƙarshe mutane suna jin nauyin faɗarsa, amma a aikin da ya shafi cutar daji yana faruwa, kuma yana haddasa ɓacin rai tsakanin kwamiti da iyalin mamaci idan ba a yi maganarsa tun farko ba.

Game da riƙon kuɗi, kada ya shiga asusunki na kanki ko da na dare ɗaya ne. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, wanda ba za a cire komai daga cikinsa ba sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu, kuma kada masu sa hannun su zama 'yan gida ɗaya. Ranar taro a rufe akwatunan tara kuɗi da hatimi, a buɗe su a gaban shaidu, a ƙirga, a rubuta adadin nan take kafin kowa ya tashi daga wurin. Ba wai ana zarginki ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, kuma shugabar da ba ta taɓa kuɗi da hannunta ita ce ta fi kowa samun kariya daga ƙananan maganganu. Ki kuma bincika dokar ƙasarku, domin a ƙasashe da dama sai an nemi izini kafin a tara kuɗi a bainar jama'a. Sannan ki ware alƙawari daban, kuɗi a hannu daban, domin abin da ake shelantawa a wurin taro ba duka yake shigowa ba.

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

Na gamsu da duk abin da Malam ya faɗa, zan dai ƙara da abin da nake gani a wurin aiki. 'Yar'uwa, maganin daji ba abu ne na rana ɗaya ba. Kemoterafi, wato magani mai kashe ƙwayoyin daji, ana yin sa ne zagaye-zagaye, sau da yawa bayan kowane mako uku, har tsawon watanni, gashin ciwon da hasken na'ura kuma kan ɗauki kwana biyar a mako na makonni da dama. Abin da ya fi ba mu takaici shi ne majinyacin da ya fara magani, ƙullutun ya fara raguwa a kan idonmu, sai ranar zagaye na gaba ta zo mu tarar da kujerarsa babu kowa, saboda kuɗin mota ko na masauki ko na gwajin jini ya gagara. Idan ya dawo bayan watanni, cutar ta riga ta bazu. Saboda haka a ganina gara ku ɗauki mutane kaɗan ku kai su ƙarshen magani, da ku raba kuɗin ga mutane da yawa kowa ya sami abin da ba zai kai shi ko'ina ba. Ku riƙa biyan kuɗin ga asibiti ko kantin magani kai tsaye, ku karɓi rasit.

Ina kuma roƙonki ki ware wani kaso domin gwaji da wayar da kai. Alƙaluman hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an sami sababbin masu cutar kimanin miliyan 20, mutum miliyan 9.7 kuma suka rasu, alhali Hukumar ta ce ana iya kauce wa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na cututtukan daji. Sankarar bakin mahaifa kaɗai ta kashe mata kusan 350,000 a 2022 ɗin, bayan kuwa akwai allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa ta, da ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, akwai kuma gwajin da ke gano matsalar tun kafin ta zama daji. Idan kuka gayyato likita ya yi bayani a wurin taron, jama'a za su koma gida da abin da zai amfane su ko da ba su ba da komai ba.

Abu ɗaya nake so ki tsaya a kansa da ƙarfi: kada a yaɗa hoton mara lafiya yana kwance ko hoton rauninsa domin a jawo tausayi. Mutumin da ciwo ya kai shi bango zai amince da komai, amma wannan ba yarda ba ce ta haƙiƙa.

Mai Godiya ya rubuta:

Ni na yi fama da cutar, Allah kuma ya ba ni lafiya, don haka ina da ɗan gyara a kan maganar Malama. Gaskiya ne kada a tozarta wanda yake kwance, amma kada kuma a ɓoye mu baki ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda aka ce yana da daji ya gama yawo, kuma wannan tsoron ne yake hana su zuwa asibiti da wuri. Idan suka ga wanda ya warke ya miƙe da ƙafafunsa yana bayani, tunaninsu yakan sauya. Terry Fox, matashin nan ɗan Kanada, an yanke masa ƙafa saboda dajin ƙashi, amma a 1980 ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143 da ƙafar roba domin tara kuɗin bincike. Ya rasu a 1981 yana da shekara 22, kuma har yau ana gudanar da gudun tunawa da shi kowace shekara. Shi ya zaɓi ya fito, ba wanda ya fito da shi. Hajiya, ki nemi waɗanda suka kammala magani, waɗanda ba sa jiran komai daga asusunku, ki tambaye su a keɓe. Wanda ya ƙi, kada a sake tuntuɓarsa. Ki kuma raba aikin, ki naɗa mai kula da wurin taro, da mai rubuta wasiƙun gayyata, da mai bin alƙawura, domin na ga masu sa-kai da suka kwanta rashin lafiya saboda sun rungumi komai su kaɗai.

Maman Biyu ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Zan kira kwamiti a wannan makon mu rubuta takardar. Malam, bayan taro yaushe ya kamata mu sanar da jama'a abin da aka samu?

Tsohon Ma'aji ya rubuta:

Kada ya wuce mako biyu, Hajiya. Ku fitar da jimillar abin da ya shigo, da abin da taron kansa ya ci, da alƙawuran da ba a cika ba tukuna. Daga nan ku riƙa ba da rahoto duk bayan wata uku har kuɗin ya ƙare, kuna amfani da lamba a madadin sunan kowane majinyaci, rasitai kuma su kasance a wurin sakatare domin duk wanda ya ba da gudummawa ya iya dubawa.