Tafiya da tawaga a jirgin ruwa daga Luksor zuwa Aswan

Jagoran Tawaga:
Assalamu alaikum. Mu goma sha huɗu ne, malaman makaranta da iyalanmu, za mu je Masar a hutun Disamba, kuma ni aka ɗora wa tsara tafiyar. An ba mu zaɓi tsakanin kwana huɗu a jirgin ruwa a kogin Nilu daga Luksor zuwa Aswan, da sauka a otal muna fita da mota. Akwai dattawa biyu a cikinmu waɗanda ba sa jure yawan tafiya a ƙasa, shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka taɓa bin wannan hanya.

Tsohon Ɗalibin Azhar:
Wa alaikumus salam, Malam. Ku ɗauki jirgin. Tsakanin biranen biyu akwai fiye da kilomita 200, kuma manyan wuraren tarihi suna kusa da bakin kogin, saboda haka masaukinku ne yake tafiya da ku, ba sai kuna ɗaure kaya kullum ba. Bayan kun ziyarci haikalin Karnak, wato tsohon wurin bautar Masarawan da, da Kwarin Sarakuna a Luksor, inda aka gano kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922, jirgin zai ratsa mashigar Esna, inda ake rufe ƙofofi a cika ruwa har jirgi ya ɗaga, sannan ya tsaya a garuruwan Edfu da Kom Ombo, masu tsoffin haikalai. Amma abin da ya fi zama a zuciyata shi ne zaman la'asar a saman jirgin, ana kallon gonakin rake da dabino, ga hamada a bayansu kamar a miƙa hannu a taɓa. Disamba lokaci ne mai kyau, sai dai dare yana da sanyi, ku riƙi rigunan sanyi.

Hajiya Uwargida:
Malam Jagora, na yarda da shawarar, amma zan yi magana a kan dattawan, domin na yi tafiyar da mahaifiyata. Jiragen suna tsayawa ne a jere, wani a jikin wani, sau da yawa sai an ratsa ta cikin jirage biyu ko uku kafin a taka ƙasa, bayan haka ga matakala zuwa titi. Ku nemi a ba su ɗaki nesa da inji, kusa da wurin cin abinci, kuma a rubuta hakan kafin ku biya. A Edfu keken doki ake shiga zuwa haikalin, ku tabbata kuɗinsa yana cikin abin da kuka biya. Zuwa haikalin Abu Simbel kuwa, can kudu da Aswan, ba na ganin ya dace da su, don tun kafin asuba ake tashi daga Aswan, a yi sama da sa'o'i uku a mota kafin a isa.

Jagoran Tawaga:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Saura batun salla, domin shi ne dattawan suka fara tambaya.

Tsohon Ɗalibin Azhar:
Wannan ba zai ba ku wahala ba. Jirgin kudu yake dosa, alƙibla kuwa tana kudu maso gabas, wato ɓangaren hagu, sai dai kogin yana lanƙwasa, don haka a duba kafin a tayar da salla. Ku kuma roƙi mai yi muku jagora ya bar muku lokaci a masallacin Abul Hajjaj, wanda yake cikin haikalin Luksor, kuma har yau ana salla a cikinsa.