Taron sauyin yanayi: shekara 30 ana zama, me aka tsinana?

Mushe Isufu: Salamu alaikum jama'a. Wanda bai yarda ba ya fito mu yi ta: tarurrukan COP, wato taron ƙasashen duniya kan sauyin yanayi, ɓarnar kuɗin jirgi ce kawai. Tun 1995 aka fara a Barlin, kusan kowace shekara sai an zauna. A Paris a 2015 aka yi alkawarin riƙe ɗumamar duniya ƙasa da ƙarin digiri 2 a kan zafin da ake da shi kafin zamanin masana'antu, in da hali 1.5. Sai ga 2024 ta zarce 1.5 ɗin, kuma hukumar yanayi ta duniya ta ce tunda ake aunawa ba a ga shekara mai zafinta ba.

Hadiza: Mushe, da gyara kaɗan. Iyakar da aka sa a Paris matsakaicin shekaru masu yawa ake nufi, ba shekara guda ba. Na yarda mun kusa tsallake ta. Amma kafin Paris, masana na hasashen ƙarin zai kusanci digiri 4 a ƙarshen ƙarnin nan, yanzu lissafin ya sauko ƙasa da 3. Bai isa ba, amma ba banza ba ne.

Mushe Isufu: Digiri 3 ɗin a ina za ki zauna ki sha shi? Watan azumin 2024 an auna zafin digiri 48.5 a Kayes ta Mali. Da wajen rabin ɗumamar da kike murna da ita ke nan.

Alhaji Sani: Ku bar ni da digiri, ni ɗan kasuwa ne, ku kawo maganar kuɗi. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka ce za su riƙa ba matalauta dalar Amurka miliyar 100 duk shekara daga 2020. Sai 2022 suka ce sun cika, kuma kaso mai yawa bashi ne. Wanda ya ƙona maka rumbu ya dawo yana ba ka rancen hatsi da ruwa a kai! Duk Afirka hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. A Baku a 2024 an sake cewa kuɗin za su kai miliyar 300 duk shekara kafin 2035. Allah Ya kai mu.

Rabi: Alhaji ka tuna mini daminar 2024. Ruwan ƙarshen watan Agusta a nan Maradi, dare ɗaya gidajen laka suka zube, aka rasa rayuka. Maƙwabtanmu a ajin lakwal suka kwana makonni, tabarma kan benci, buhun gero ya jiƙe har ya tsiro. A ƙasa baki ɗaya sama da mutum 300 suka rasu, aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba, tsohon masallacin Damagaram ma ya faɗi. An ce akwai asusun biyan asara da aka amince da shi a Masar a 2022. To ni ban ga wanda ya sayi ko azara ɗaya da shi ba.

Hadiza: Yaya Rabi, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da aka yi alkawarin zubawa cikin asusun a Dubai a 2023 wajen dala miliyan 700 ne, na duniya duka. A nan kam ba ni da bakin kare su.

Baba Ɗan Tambai (jikana ke rubuta mini): Yarana, na ga yunwar 1973, na ga ta 1984. Lokacin ruwa ne babu. Yanzu akwai shi, sai dai ba shi da tarbiyya: ya yi jinkiri, ya sauko a fusace, ya ɗauke lokacin da gero ke bunni. Mu ba taro ya cece mu ba, sassaben zamani ne. Da can kowa share gona yake ƙal. Tony Rinaudo, Baturen Ostareliya da ya zauna nan Maradi, ya nace a bar kututture. Ka duba tohon, ka zaɓi masu ƙarfi uku ko huɗu, ka datse sauran, shi ke nan. Yau gawo ya cika gonata. Da damina yana kaɗe ganye, ba ya hana gero rana, da rani dabbobi su ci ƴaƴansa su bar taki a gindinsa.

Mushe Isufu: Kun ji Baba! Hekta wajen miliyan 5 tsakanin Maradi da Damagaram, itace wajen miliyan 200, da gatari da lauje. Wane COP ne ya yi wannan?

Hadiza: Babu. Amma Mushe, kada ka haɗa abu biyu. Gawon Baba yana tare iska, yana gyara ƙasa, yana ciyar da gida. Ba zai hana Sin da Amurka da Indiya ƙona gawayin ƙasa ba, kuma hayaƙinsu ne ke kawo mana ruwan da Yaya Rabi ta faɗa. Ko mun cika Nijar da itace, in ba su rage ba, zafin na nan tafe. To a wane zaure Nijar za ta zauna da su ta yi magana in ba wannan da kake son a rufe ba?

Alhaji Sani: Zauren da Amurka ke shiga tana fita? Trump ya fitar da ita daga yarjejeniyar Paris, Biden ya maido ta a 2021, Trump ya dawo a 2025 ya sake sa hannu a fita.

Hadiza: Ta fita, amma farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a shekara goma, saboda Jamus da Sin sun zuba kuɗi a kai. Famfon da masu lambu ke ban ruwa da shi a bakin gulbi ba tare da sayen esansi ba, daga can ya samo asali. Kai kanka Alhaji sayar da shi kake.

Alhaji Sani: Ina sayarwa ƴata, amma neman riba ne ya kawo shi shagona, ba Paris ba. Baba, tunda kana kusa: gawon da ke gonar haya, na mai gona ne ko na wanda ya rene shi? Muna da rigima a kai da wani ƙanena.