Ƙarancin jini tare da ciwon kumburin hanji: ƙwayar ƙara jini ba ta karɓe ni ba

Ummu Hanan:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da kuma waɗanda suke fama da irin lalurata. Ina da ciwon kumburin babban hanji mai haddasa gyambo, wanda likitoci suke kira alsaretif kolaitis, kuma a 'yan watannin nan ya motsa har ina ganin jini a bayan gida. Gwaji ya nuna himogulobin ɗina, wato ma'aunin yawan jini, ya sauka zuwa 9.4, feritin, wato ma'ajiyar sinadarin ƙarfe, kuma yana 58. An rubuta mini ƙwayar ƙara jini ta feros salfet, na daɗe ina sha, amma ban ga sauƙi ba sai ƙarin murɗawar ciki da gudawa, ga jiri da haki ko da ɗan aiki kaɗan na yi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne takardar gwajin ta nuna feritin ɗin yana cikin ma'aunin lafiya, to ta yaya za a ce sinadarin ƙarfe ne ya yi mini ƙaranci? Shin in daure in ci gaba da ƙwayar, ko akwai wata hanyar da ya kamata in tattauna da likitana?

Abu Sadik:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ni cutar Crohn nake da ita, wato wani nau'in ciwon kumburin hanji, kuma ƙwayar ta wahalar da ni kamar yadda kika faɗa, har sai da aka koma ba ni sinadarin ƙarfen ta jijiya cikin ƙarin ruwa, sannan ƙarfina ya fara dawowa. Ki gaya wa likita dalla-dalla abin da ƙwayar take yi miki, kada ki daina sha a ɓoye ki bar shi yana zaton kina kan magani. Kuma ki lura da bayan gidanki, domin ƙwayar tana mayar da shi baƙi, amma idan ya zama baƙi ƙirin mai danƙo da wari mai ƙarfi, wannan yana iya zama jini ne, kuma ba abin jira ba ne.

Likitan Ciki:

Malama Ummu Hanan, sannu da jiki. Ba zan iya yanke hukunci a kan jinyarki ba tunda ban duba ki ba, amma zan bayyana miki yadda ake karanta irin wannan sakamako.

Feritin shi ne ma'ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, sai dai yana da wata ɗabi'a mai ruɗarwa, wato yana hawa duk lokacin da akwai kumburi, ko da ma'ajiyar ta kusa ƙarewa. Saboda haka ƙa'idojin da ƙungiyar ECCO ta likitocin Turai masu kula da waɗannan cututtuka ta fitar a 2015 suka raba abin gida biyu. Idan ciwon yana kwance, feritin ƙasa da 30 ne yake nuna ƙarancin ƙarfe, amma idan ciwon ya motsa, ko feritin ya kai 100 ana iya samun ƙarancin. Ma'aunin da aka buga a takardar gwaji na mai lafiya ne, bai san hanjinki yana kumbure ba. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin CRP mai nuna kumburi, da gwajin cikar tiransferin, wato sinadarin da ke ɗaukar ƙarfe a cikin jini, wanda idan ya gaza kashi 20 cikin 100 yake nuna ƙarfen da ke isa ɓargo bai wadatar ba. Himogulobin kuwa, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 12 ga mace marar ciki da ƙasa da 13 ga namiji shi ne ƙarancin jini.

Dalilin da ya sa ƙwayar ba ta yi miki aiki ba, mai yiwuwa, wani sinadari ne da hanta take fitarwa mai suna hefsidin. Aikinsa shi ne rufe ƙofar da ƙarfe yake bi daga farkon ƙaramin hanji zuwa cikin jini, kuma kumburi yana sa hanta ta yawaita fitar da shi. Idan ƙofar ta rufe, mafi yawan abin da kika haɗiya zai wuce zuwa babban hanji, inda gyambon yake, ya ƙara miki ciwon ciki ba tare da jini ya amfana ba. Ga shi kuma jinin da ke fita a bayan gida yana tafiya da ƙarfensa, kusan rabin miligiram a kowace mililita, alhali abin da mai lafiya yake tsotsa daga abinci a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba.

Waɗancan ƙa'idoji sun ce a fara da ƙarfe ta jijiya idan ciwon yana motse, ko himogulobin ya yi ƙasa da 10, ko marar lafiya ya gwada ƙwaya ba ta karɓe shi ba. Bisa bayaninki, duka ukun sun haɗu a kanki, don haka a ganina kina da hujja mai ƙarfi ta tayar da maganar da likitanki. Sai dai ki sani cewa ƙarin ƙarfen kaɗai kamar zuba ruwa ne a tulu mai huda, muddin ba a kwantar da kumburin ba, jinin zai sake sauka. Wajibi ne a sake duba maganin ciwon hanjin kansa a lokaci guda.

Mai Haɗa Magani:

Na yarda da bayanin Likita, amma ba na so masu karatu su ɗauka cewa ƙwayar ba ta da amfani ga duk mai ciwon hanji. Wanda ciwonsa yake kwance, ƙarancin jinin nasa kuma bai yi tsanani ba, ƙwaya tana iya wadatar da shi, kuma sau da yawa yawan da ake sha ne yake jawo wahalar. Ƙwayar feros salfet mai miligiram 200 tana ɗauke da kusan miligiram 65 na ainihin ƙarfe, kuma ga mai wannan ciwo ba a so a wuce miligiram 100 a rana, wato shan ta sau uku a yini ya yi yawa. Ita kanta ƙwayar tana tayar da hefsidin na kusan yini guda bayan an sha, shi ya sa wasu likitoci suke cewa a sha sau ɗaya a rana, ko a riƙa tsallake rana. A nisanta ta da shayi da kofi da madara da maganin ƙwannafi, domin suna rage tsotsar ta.

Abu na biyu, ba kowane ƙarancin jini ne na ƙarfe ba. Masu cutar Crohn da ta taɓa ƙarshen ƙaramin hanji, ko aka yanke musu wurin, suna rasa bitamin B12, a cikin magungunan ciwon kuma, salfasalazin da metotirekzet suna taɓa bitamin folet, azatiyofirin kuma yana iya danne ɓargo. Ki nemi a duba waɗannan. Kuma ki guji magungunan rage raɗaɗi irin su ibufurofen da diklofenak sai da iznin likita, domin suna iya tayar da ciwon su ƙara zubar jini.

Ummu Hanan:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Likita, tsorona game da na jijiyar shi ne na ji ana cewa yana da haɗari. Shin daidai yake da ƙarin jini? Kuma ina fatan samun juna biyu nan gaba, ko hakan zai hana?

Likitan Ciki:

Ba ɗaya ba ne, Malama. Ƙarin jini yana ɗaga himogulobin nan take, kuma ana ajiye shi ne ga wanda jininsa ya yi ƙasa sosai, galibi ƙasa da 7, ko wanda yake zubar da jini mai yawa. Ƙarfe ta jijiya kuwa kayan aiki ne ake kai wa ɓargo ya ƙera jinin da kansa, don haka sai an ɗauki makonni. Abin da ake sa rai shi ne himogulobin ya ƙaru da aƙalla 2 cikin mako 4.

Tsoron da kika ji ya samo asali ne daga tsoffin nau'o'in ƙarfe ta jijiya masu suna ayon dekstiran, waɗanda suka fi haddasa mummunan borin jiki. Da nau'o'in yanzu abin yana da wuyar faruwa, amma duk da haka a asibiti ake bayarwa, a sa ido a kan mutum na aƙalla minti 30 bayan an gama. Ayon sukuros ana ba da shi kaɗan-kaɗan, yawanci miligiram 200 a zama guda, shi kuwa ferik kaboksimaltos ana iya ba da har miligiram 1000 a zama ɗaya gwargwadon nauyin jiki. Wannan na biyun yana iya saukar da sinadarin fosfet a jini, musamman idan ana maimaita shi, saboda haka idan kika ji kasala mai tsanani ko ciwon ƙashi bayan an yi miki, ki nemi a auna shi. Idan kuma kika ji zafi a wurin allurar, ki yi magana nan take, domin ruwan da ya tsiyaya ƙarƙashin fata yana barin tabo mai daɗewa.

Game da juna biyu, ana kauce wa ƙarfe ta jijiya a watanni 3 na farko, don haka ya fi dacewa a cika ma'ajiyarki a kuma kwantar da ciwon tun kafin cikin ya shiga. Ki sanar da likita wannan niyya tun yanzu, domin akwai magunguna irin su metotirekzet da dole a dakatar kafin ɗaukar ciki.

Abin da na fi ganin ana sakaci da shi shi ne bibiya. Ƙarancin yana yawan dawowa, don haka a riƙa auna himogulobin da feritin duk wata 3 na aƙalla shekara guda, daga nan duk wata 6 zuwa 12, kuma a sake ba da ƙarfen da zarar feritin ya sauka ƙasa da 100, ba sai an jira jiri ya dawo ba. Kafin ranar ganin likita, idan kika ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi miki wuya kina zaune, ko kika suma, ko jinin ya ƙaru sosai, ki tafi sashen gaggawa a take.