Kayan Ɗakin Kaka

Hajiya ta Argungu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau ni ce da buɗe fage. Ɗiyana sun shirya rushe ɗakina na ƙasa su yi mini na bulo kafin damina, Allah Ya yi musu albarka. Sai dai sun ce kayan da ke ciki ba za su shiga sabon ba. Ga baitocina, amsa-amo "ki". Mai amsa ya amsa.

Da sunan Rabbu zan fara,
Wanda Ya ba ni 'yan yara,
Ya ba su nasu suka ƙara,
Gidan nan kullum sai ƙara,
Na gode, na ga jikoki.

Ɗiyana sun zo sun zauna,
Suka ce, "Inna, ki duba mana,
Kayan nan sun cika ko'ina,
Babu wurin da za a kwana,
Sai an rage na cikin ɗaki."

Suna kiran su tarkace,
Wai langa duk ta lalace,
Adudu ma ya karkace,
'Yan gwangwan za su zo su tsince,
Su loda su bisa jaki.

Langar nan Inna ta sai mini ita,
Da mazari ta tara kuɗinta,
Dare tana kaɗin abawarta,
A-ci-bal-bal ce fitilarta,
Idonta ya ƙare a kan aiki.

Akushin Malam na nan kife,
Allah ji ƙan sa, Ya yafe,
Homa da gora na nan rufe,
Da su yake sauka da safe,
Kogin Matan Fada ranar biki.

Ƙwaryar nan da ake raina,
Ciki na dama wa jikokina,
Duk wanda aka kawo yaye guna,
Kunun gyaɗa ya sha a hannuna,
Ya manta nono, ya yi jiki.

To ku gaya mini, 'yan'uwa,
Wanne ne na zubarwa?
Wanne ne na sayarwa?
Ni zuciya ta kasa rabuwa,
Har da ƙwaryar nan mai ɗinki.

Malam na Gusau:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah shi ji ƙan maigida. Ki yi haƙuri, ni yau ina bayan yara, kuma da ƙwar biyu zan amsa.

Hajiya, na ji abin da kin ka ce,
Amma ki saurari ɗiyanki.

Kayan da an ka jibge a lungu,
Kunama ka yin gida a ciki.

Jika shina rarrafe shi sa hannu,
Ki auna wanga cikin ranki.

Ni ma da tarin nawa na zauna,
Tun ina masaƙa wurin aiki.

Katin shiga da tsohon rediyo,
Kaset buhu, takardun banki.

Da keken da nis saya da Udoji,
Ya yi tsatsa, babu ko birki.

Kuma dauri da mu ka yabo kullum,
Ba dukkanshi ba ne na kirki.

Mun ga agana, mun ga ƙyanda,
Unguwa guda tana makoki.

Kurkunu shi kwantar da manomi,
Damina ta wuce shina ɗaki.

Farin saba'in da uku mun gan shi,
Shanu sun faɗi, da tumaki.

Jikokinmu ba su san agana ba,
Wagga ni'ima ta Allah Sarki.

Ki zaɓi biyar ki riƙe da kyau,
Saura ki buɗe hannunki.

Ga matasan da ke cikinmu: Udoji ƙarin albashi ne da aka yi wa ma'aikata zamanin Gowon; a 1980 aka shelanta cewa agana ta ƙare a duniya, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu. Lambar da kuke gani a damatsanmu, ita ce ta rigakafin agana.

'Yar makaranta ta Birnin Kebbi:

Ina gaida iyaye da kakanni. Ni ce ƙaramar cikinku, a yafe mini shiga maganar manya, abin ne ya taɓa faruwa a gidanmu.

Gaisuwa Kaka, kishiyata,
Ni jika ce, ga amsata,
Kakata ma da irin nata,
Akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonta,
Ba wanda ya san me ke ciki.

Da ta rasu aka buɗe shi,
Saƙi da tsamiya sun cika shi,
Da kwabo mai huda a ƙasan shi,
Da hoton wani, wa ya san shi?
Muka tsaya muna mamaki.

Babu mai ba mu labari,
Wa ya saƙa, a wane gari,
Da wanne ta goya ɗan fari,
Aka raba su cikin sauri,
Wasu an yanka su wajen ɗinki.

Don haka Kaka ina roƙo,
Kafin 'yan gwangwan su leƙo,
Ki tara jikoki, ki ɗauko
Kowane kwano, kowane ƙoƙo,
Ki faɗi tarihin kayanki.

Wayar da ake ƙi a hannunmu,
Da ita za mu naɗa don ƙannenmu,
Hoto da murya, don 'ya'yanmu,
Ko bayan ranki da namu,
Su ji Kabanci daga bakinki.

Kawu na Jega:

'Yata, kwabo mai hudar nan da kuka gani, da shi muka sayi goro da ƙuli. Naira ta zo ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Tsofaffin kasuwar Jega sun daɗe suna ciniki da bakin sule bayan an daina ganin sa.

Anini, ɗari, kwabo da ahu,
Taro da sisi, riƙe a kanki.

Nai da sule, sannan fataka,
Haka suke jere, ba tsallaki.

Kwabo sha biyu ya ba ki sule,
Sule ashirin, fam a hannunki.

Gwangwani guda na cika da su,
Ba mai karɓar su a banki.

Amma jikoki in sun zo hutu,
Da su muke kasuwa a ɗaki.

Jikanyata, amaryata ƙarama,
Ta ce a bar mata su sadaki.

Baba na Yauri:

Sannunku. Ni ina yaro aka gama madatsar Kainji a 1968. Da ruwa ya taru, ya haye ƙauyuka da gungunan ƙasar Yauri, aka tashe mu zuwa sababbin matsugunai. Mutumin da garinsa ke ƙarƙashin tafki ba ya iya kai jikansa ya nuna masa inda aka binne cibiyarsa. Shi ya sa maganar Hajiya ta shige ni.

Garin haihuwata ruwa ya ci,
Da rumbunanmu da masallaci,
Aka kai mu tudu a kan lokaci,
Kowa na kwasa cikin ƙunci,
A kwalekwale, wasu kan jaki.

Kakarmu ta ce dutsen niƙanta,
Ba ta tafiya sai da abinta,
Maza biyu suka ɗauka mata,
Yau yana nan gidan jikanta,
Ko da inji ya karɓe aiki.

Jikokina kansa suke zama,
Bayan isha'i, wata na sama,
In ce "Ga ta nan," su matso dama,
Gizo da Ƙoƙi da kura ma,
Auta ya hau ni ya ce doki.

In Gizo ya ƙare sai su ce,
"Kaka, garin nan da ya nutse,
Ina yake, ta ina kuka fice?"
In dafa dutsen nan in ce,
Shi ne ya fito daga tafki.

Malam na Gusau:

Baba, ai maganata ka kama,
Dutse guda ya yi ma aiki.

Da kun kwaso dukkan garin nan,
Da dutsen ya ɓace a ciki.

Inna ta Ƙauran Namoda:

Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ku gafarce ni, zan sauya amsa-amo zuwa "ba". Mu 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyenmu. Cikin abin da na baro har da wata tasa ta kakata, wadda ta ga shigowar jirgin ƙasa Ƙaura a 1929, lokacin da ake lodin gyaɗa da auduga. Na yi wa jikanyata alkawarin ta.

Hajiya, kina da abin ragewa,
Ni ban fito da ko faifai ba.

Dare sun ka zo, mun ka bi gona,
Ban tsaya ɗaukar mayafi ba.

Jika a baya, jika a hannu,
Ban waiwayi ɗakin aurena ba.

Jeren da nit tara tun ƙuruciya,
Ban ƙara sa shi a ido ba.

Rumbu biyu, na gero da dawa,
Ba mu ci ko dami guda ba.

Yanzu ina ɗakin haya a Ƙaura,
Tabarma ce, ba gado ba.

Uban yaran ga, Allah ji ƙan shi,
Bai ga yayen ƙaramin ba.

Uwarsu na wankau cikin gari,
Ba ta huta ko yini ɗai ba.

Ni ka lallashi, ni ka wanka,
Ban zaci haka tsufa ka zuwa ba.

Jikanya ta ce, "Ina tasar nan
Da kin ka ce ba ki ba kowa ba?"

Na ce tana can, za mu koma,
Ban iya ce mata ta tafi ba.

Hajiya, ki raba su da hannunki,
Tun ba a raba ki da su ba.

Malam na Gusau:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bi ki a kan naki amsa-amon, Inna.

Allah shi ji ƙan ɗanki da rahama,
Shi mai da ku gida, ba da jimawa ba.

Batun kunama da niy yi shina nan,
Amma bai kai naki nauyi ba.

Akwai gadon ƙarfe a zaurena,
An daɗe ba a kwana kanshi ba.

Gusau da Ƙaura tafiya kaɗan ce,
Ba za shi ƙara mako nan ba.

Hajiya ta Argungu:

Na karanta duka, na kira yaran nan na karanta musu. Kawunsu ya ce a kai homa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar wurin ajiyar kayan da. Na ce can ba su rasa homa ba. Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ya ziyarci Argungu, ake wannan biki na kamun kifi, gidanmu kuwa ba a taɓa rasa mai shiga ruwa ba. Akushi yana wurina, ban da shi a rabo.

Inna, baitinki ya sa ni kuka,
Na kira ɗiyana na ce haka,
Langa da fanteka da tasa duka,
A wanke, a ɗaure, a ɗauka,
Rabi na Ƙaura ne, naki.

Tsoffin gwangwani da bokitai,
Da fasasshiyar fitilar ƙwai,
Malam, na ji, su tafi dai,
Kar kunama ta sami wurin sa kai,
A share ko'ina a ɗaki.

Homa ta babban jikana,
Mai sunan Malam, angona,
Ya iya ruwa, na gani da idona,
In an harba bindiga da rana,
Ya sauka da kayan aiki.

Kishiya, shawararki na karɓa,
Juma'a za mu zauna mu duba,
Kowane kwano sai na taɓa,
In faɗi mai shi kafin a raba,
Ki zo da wayar nan taki.

Inna, ki aiko mini da kwatancen unguwarku a keɓe. Akwai mai motar da ke kai shinkafa Gusau, zai sauke su wurin Malam su tafi tare da gado.

Inna ta Ƙauran Namoda:

Hajiya, Malam, Allah shi saka,
Bakina bai isa godiya ba.

Abu ɗai nike roƙo a ƙara,
In bai zamo muku nauyi ba.

Yaron ga ya shiga makaranta,
Bai samu allon kanshi ba.

In akwai tsoho cikin kayan,
Ko wanda ba a wanke ba,

Ƙarami ma ya isa, Hajiya,
Don bai wuce Tabbat ba.